Otto Warburg, Mai Binciken Cimar Ƙwayoyin Jiki

'Yan'uwa malamai da ɗalibai, yau ina so in ba ku labarin wani masani na ƙasar Jamus, sunansa Otto Warburg. An haife shi a 1883. Ya karanci ilmin haɗa magunguna da likitanci, sa'an nan ya yi Yaƙin Duniya na Farko cikin sojan doki. Ubansa asalin Bayahude ne, amma duk da haka bai bar Balin ba a zamanin Hitila, ya ci gaba da aikinsa.

To, mene ne aikin nasa? Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kowace kuwa sai ta ci ta rayu. Yawancinsu sukan ƙone sukari da iskar da muke shaƙa. Warburg ya yi ta awo, har ya gane ƙwayoyin sankara sun sha bamban, watau sukan zuƙi sukari da yawa su mai da shi tsami irin na nono, ko da akwai iska. A 1931 aka ba shi lambar Nobel saboda bincikensa a kan numfashin ƙwayoyi. Ya rasu a 1970, yana ɗaukan wannan haɗama ita ce tushen sankara. Masanan baya ba su yarda da shi a nan ba, amma awonsa ya tabbata.

Ashe fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki ma haka suke yi in sun tashi yaƙi da cuta. A 1983 aka gano ƙwayar cutar ƙanjamau a cibiyar Fasto ta birnin Faris. Daga baya masanan wannan cibiya suka nuna ta fi kama masu tsaron da cimarsu ta yi ƙarfi, in kuwa aka rage musu cin sukari a ɗakin gwaji, sai kamun ya ragu. Wadda ta kamu sa'an nan ta kwanta hutu, cutar sai ta laɓe cikinta shekara da shekaru. Shi ya sa mai ita ba ya barin shan magani.

Ni dai abin da na ɗauka, malami ya koya wa yara su auna abu sosai, su rubuta abin da suka gani. Fassara takan sāke, amma awo na gaskiya yakan amfani na baya. Allah ya sa mu dace, amin.