Nikola Aper, mutumin da ya fara adana abinci cikin kwalba

Duk lokacin da kuka buɗe gwangwanin tumatir ko na kifi, kuna cin moriyar aikin wani Bafaranshe mai suna Nikola Aper, wanda ake rubuta sunansa Nicolas Appert. A Tirmini da sauran ƙasar Damagaram, shanya ce babbar dabarar ajiyar abinci: ga kauɗa, ga busasshiyar kuɓewa, ga kilishi. Shi kuwa Aper wata hanya ya samo, ta ajiye abinci da ruwansa da ɗanɗanonsa har tsawon watanni.

An haife shi a shekarar 1749 a garin Shalon na ƙasar Faransa. Mahaifinsa mai masaukin baƙi ne, kuma a nan yaron ya fara sanin girki. Bai yi karatun kimiyya ba. Ya yi aikin kuku a gidan sarauta, sannan a 1784 ya buɗe kantin kayan zaƙi a birnin Faris.

Wajen 1795 ya soma gwaje-gwajensa. Yakan zuba nama, ko romo, ko madara, ko 'ya'yan itace a kwalba mai kauri da faɗin baki. Sai ya toshe ta sosai, ya ɗaure murfin da waya, ya sa ta cikin tukunyar ruwa ya tafasa. Abin kamar mai sauƙi, amma ya ci masa fiye da shekara 10, domin kowane abinci da lokacin da yake buƙata a kan wuta. In ya buɗe kwalba ya tarar ta lalace, sai ya sake lokacin, ya kuma gwadawa. Daga baya ya kafa masana'anta a garin Masi, kusa da Faris, har sojojin ruwan Faransa suka gwada abincinsa.

A 1810, zamanin Napoliyon, gwamnati ta ba shi faran 12,000 bisa sharaɗin ya bayyana dabarar ga jama'a. A shekarar ya fitar da littafinsa, wanda shi ne na farko a kan wannan sana'a. Tun daga nan, duk wanda ya iya karatu zai iya koyonta a gidansa. A wannan shekara kuma wani Bature a Ingila, Pita Duran, ya yi rajistar amfani da gwangwani maimakon kwalba.

Abin mamaki, Aper bai san ainihin abin da ke ruɓar da abinci ba. Sai bayan mutuwarsa Luwi Paster ya nuna cewa ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Zafi ke kashe su, murfi kuma ya hana wasu shiga.

Idan kuna son gwadawa lokacin da tumatir ya yi araha a kasuwa, ku nemi rubutaccen bayani daga ma'aikatan gona, ku bi shi daki-daki. Ku fara da abinci mai tsami. Tumatir yana buƙatar ƙarin ruwan lemun tsami, cokali babba 2 a kowace lita. Ruwa ya rufe kwalaben, kuma kada ku rage ko minti ɗaya daga lokacin da aka rubuta. A nan ilimin yau ya wuce littafin Aper: nama, da kifi, da wake, da kuɓewa ba su da tsami, kuma tafasar ruwa ba ta isa ta kashe wata ƙwayar cuta mai mugun dafi da ke rayuwa cikinsu inda babu iska. Waɗannan sai da tukunya ta musamman mai riƙe tururi. Kwalbar da murfinta ya kumbura ko ya saki, ku zubar, kada ma ku ɗanɗana.

Aper bai yi arziki da wannan aiki ba. A yaƙin 1814 sojojin da suka shiga Faransa sun lalata masana'antarsa. Ya sake kafa wata a Faris, ya ci gaba da gwaji har tsufa ya ci ƙarfinsa. Ya mutu a Masi a 1841 yana da shekara 91, cikin talauci, aka binne shi a kabarin gama-gari. A Faransanci, har yau da sunansa ake kiran wannan hanya ta adana abinci.