Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Ranar da Ya Bar Runduna

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wajajen shekarar 1766. Malami ne tun kafin ya rataya takobi, kuma shi ya jagoranci jama'a a yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, inda aka kori rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Wannan kowane ɗalibi ya sani. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne nauyin da yaƙi ya ɗora wa zuciyarsa, nauyin da ba baƙo ba ne ga duk gidan da ke da ɗa ko miji a bakin daga, a Gwarzo ne ko a Kabo.

Jama'ar Shehu sun yi hijira ne da mata da yara. Mayaƙi yana fuskantar abokan gaba, hankalinsa kuwa yana wurin iyalin da yunwa da cuta suka addaba. A ƙarshen 1804 kibiya ta sami Malam Abdullahi a ƙafa, yana cikin jinya aka auka wa jama'a a Tsuntsuwa. Ya tashi yana ɗingishi ya shiga faɗan. An rasa mutum kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka sake yin babban rashi a Alwasa.

Mafi yawan aminansa na karatu sun kwanta dama, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa ya ga sun karkata ga ganima da neman mulki. A 1807, runduna tana kan hanyar Alkalawa, ya janye da 'yan mutane kaɗan, ya bar gida da dangi ya nufi gabas da niyyar isa Makka da Madina. Shi da kansa ya rubuta labarin a Tazyinul Waraƙat, bai ɓoye ba. Wanda ya tashi da rauni a Tsuntsuwa ba a tuhumarsa da tsoro. Gajiyar zuciya ce da ɓacin rai.

Mutanen Kano ne suka tsayar da shi. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan shari'a da mulki, ya karantar da tafsiri, sannan ya juya ya koma wurin yayansa. Daga baya aka damƙa masa ɓangaren yamma na daular. Allah Ya yi masa rasuwa a Gwandu a 1829.