Ambedkar: Ɗan ƙasƙantattun Indiya da ya shigar da daidaito cikin tsarin mulki

An haifi Bhimrao Ramji Ambedkar ranar 14 ga Afrilu, 1891, a garin Mhow da ke tsakiyar Indiya, inda mahaifinsa yake aikin soja a ƙarƙashin Turawan Ingila. Danginsa 'yan Mahar ne, ɗaya daga cikin jinsunan da tsarin fifikon asali na Indiya ya ajiye a ƙasan kowa, har ana ɗaukar taɓa su a matsayin ƙazanta. A makarantar firamare, ba a yarda ya zauna cikin sauran yara ba, kuma ba ya shan ruwa sai masinjan makarantar ya tsiyaya masa daga sama. Ranar da masinja bai zo ba, da ƙishirwa yake wuni.

Ilimi ne ya fitar da shi daga wannan ƙangi. Ya kammala digiri a Bombay a 1912, sannan Sarkin Baroda ya ɗauki nauyinsa zuwa Jami'ar Kolombiya da ke Amurka a 1913. Daga nan ya wuce Landan, inda ya samu digirin digirgir a fannin tattalin arziki, ya kuma zama lauya.

Da ya dawo gida, sai ya mayar da shari'a da siyasa makaminsa. A watan Maris na 1927 ya jagoranci dubban ƙasƙantattu zuwa wani tafkin jama'a a garin Mahad, suka sha ruwan da al'ada ta hana su. A 1932 ya yi taƙaddama da Mahatma Gandhi kan yadda za a wakilci mutanensa, lamarin da ya ƙare da Yarjejeniyar Poona, wadda ta ware musu kujeru 148 a majalisun larduna.

Bayan samun 'yancin kai a 1947, ya zama Ministan Shari'a na farko, kuma shugaban kwamitin rubuta daftarin tsarin mulki. An amince da kundin ranar 26 ga Nuwamba, 1949, ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950. Sashe na 14 ya tabbatar wa kowane mutum daidaito a gaban doka da kariyarta ba tare da fifiko ba. Sashe na 15 ya hana wariya saboda addini, launi, asali, jinsi ko wurin haihuwa, yayin da Sashe na 17 ya soke al'adar ƙyamar taɓa ƙasƙantattu.

Sai dai Ambedkar ya san cewa idan aka sa gurgu da mai ƙafa tsere, faɗin cewa fili ɗaya ne ba ya zama adalci. Shi ya sa ya kare Sashe na 16, wanda ya ba gwamnati damar ware guraben aiki ga waɗanda aka bari a baya. Amma ya gargaɗi majalisa cewa guraben da za a ware kada su kai rinjaye, domin kada togaciya ta cinye asalin ƙa'idar. A 1951, da Kotun Ƙoli ta rushe rabon guraben karatu na jihar Madras, ya goyi bayan gyaran tsarin mulki na farko, wanda ya halatta tanadi na musamman ga ƙasƙantattu.

Daga Sashe na 14 ne kotunan Indiya suka fitar da ƙa'idar rarrabewa mai ma'ana. Doka tana iya bambanta wani rukuni da wani, amma da sharuɗɗa biyu: bambancin ya kasance a fili, hankali ya kama shi, kuma ya dace da manufar da dokar take son cimmawa. A shari'ar Anwar Ali Sarkar ta 1952, Kotun Ƙoli ta yi fatali da wani tanadin dokar Bengal ta Yamma, saboda ya bar wa gwamnati zaɓen wanda za ta kai kotu ta musamman ba tare da ma'auni ba.

Ambedkar ya ajiye muƙaminsa a 1951, bayan da ƙudurinsa na gyara dokokin aure da gado na mabiya addinin Hindu, wanda zai faɗaɗa haƙƙin mata, ya maƙale a majalisa. A watan Oktoba na 1956 ya karɓi addinin Buddha a Nagpur tare da dubun dubatar magoya bayansa. Ya mutu a Delhi ranar 6 ga Disamba, 1956.

A 1990 Indiya ta ba shi Bharat Ratna, lambar yabo mafi girma a ƙasar. Bayan shekara biyu, Kotun Ƙoli ta yi la'akari da gargaɗinsa na majalisa lokacin da ta yanke cewa, a ƙa'ida, guraben da ake warewa ba za su wuce kashi 50 cikin 100 ba.