David Marine: Likitan da ya gano maganin maƙoƙo a wuyan karnuka da kifaye

A shekarar 1905 wani matashin likita ya isa birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka, domin kama aiki a ɗakin binciken cututtuka na asibitin Lakeside. Ana ba da labarin cewa tun a kwanakinsa na farko ya lura yawancin karnukan da ke yawo a titi wuyansu a kumbure yake. Mutanen garin ba su ɗauki abin a bakin komai ba, domin su kansu maƙoƙo ya zame masu jiki, musamman mata. Sunan likitan David Marine, kuma a kan wannan kumburi ya ƙarar da kusan dukkan rayuwarsa ta aiki.

An haife shi ranar 20 ga Satumba, 1880, a wani ƙauyen manoma a jihar Maryland, ya kuma tashi maraya. Ya yi karatu a kwalejin Western Maryland, sannan ya sami digirin likita a jami'ar Johns Hopkins a 1905.

Abin da ke kumbura a maƙoƙo wani ɗan nama ne da ake kira tairod, mai kama da malam-buɗe-littafi, kwance a gaban maƙogwaro. Duk dabba mai ƙashin baya tana da shi, daga kifi har ɗan Adam. Aikinsa tsamo sinadarin aidin daga jini, ya ƙera wani sinadari da ke daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci, da ɗumin jiki, da girma, da ginuwar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Ƙarfinsa ya kai a ce idan aka ciyar da 'ya'yan kwaɗi naman tairod, sai su yi gaggawar fid da ƙafafu su zubar da wutsiya tun ba su kai girma ba, kamar yadda Gudernatsch ya nuna a 1912. A gefensa kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba a jikin mutum, waɗanda ake kira faratairod. Maƙwabtaka kawai ta haɗa su: aikinsu kula da ma'aunin kalsiyam ne a jini. Wani ɗalibi ɗan Suwidin, Ivar Sandström, ya fara ganinsu a wuyan kare, ya wallafa bayaninsu a 1880, shekarar da aka haifi Marine. Likitocin fiɗa na zamanin da suka riƙa haɗawa da su wajen yanke maƙoƙo sun sha ganin majinyata na sanƙarewa suna karkarwa har su mutu, sai a 1909 MacCallum da Voegtlin suka nuna, a kan karnuka, cewa faɗuwar kalsiyam ce sanadi. A wannan shekarar ce aka ba Theodor Kocher na Suwizalan kyautar Nobel kan fiɗar tairod. Wuƙa ce ke tashe a lokacin.

Marine ya bi wata hanya dabam. Tun 1895 Bajamushe Eugen Baumann ya gano akwai aidin a cikin tairod, sai Marine ya shiga tattara wannan nama daga karnuka da tumaki da shanu da aladu, yana auna aidin ɗin da ke ciki, yana kuma duba ƙwayoyin naman da madubin likita. Ya tarar da ƙa'ida guda a dukkansu: muddin aidin ya yi ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na nauyin busasshen naman, sai ƙwayoyin su fara yaɗuwa, wuya ya kumbura. Da ya ba karnukan aidin kaɗan, sai yaɗuwar ta tsaya. Maƙoƙo ke nan yunwa ce. Tairod ne ke ƙara girma don ya kamo ɗan abin da ya rage a jini, kamar masuncin da ke faɗaɗa komarsa idan kifi ya yi ƙaranci.

Mafi kyawun aikinsa na wannan zamani shi ne na kifi. A wuraren kiwon kifin tirawut na jihar Pennsylvania, kifaye na fitar da ƙari a ƙarƙashin haɓa, manyan masana kuma sun yanke hukuncin cewa ciwon daji ne. Marine da abokin aikinsa C. H. Lenhart suka bincika, suka wallafa a 1910 cewa maƙoƙo ne, kuma ɗigon aidin a ruwan kududdufin ya isa ya warkar da shi. Babu ciwon dajin da ke jin irin wannan magani.

Daga nan batun ya bar ɗakin bincike ya faɗa hannun masu mulki. Marine ya nemi hukumar makarantun Cleveland ta ba shi dama ya gwada aidin a kan ɗalibai, ta ƙi, bisa tsoron cewa guba zai ba yaran. Tsoron na da tushe, domin a ƙarni na 19, bayan Coindet na Janeba ya fara ba masu maƙoƙo aidin a 1820, an riƙa ɗirka wa mutane shi fiye da kima har wasu suka cutu. Amma shekarun da aka ɓata ana jan ƙafa, yara ne suka biya kuɗinsu. Wani ɗalibinsa, O. P. Kimball, shi ya buɗe masa ƙofar makarantun Akron, wani gari da ke kudu da Cleveland. Da aka duba 'yan mata 3,872 a can, sama da rabinsu na da kumburin.

Gwajin ya fara a 1917. Yarinyar da iyayenta suka amince ana ba ta giram 2 na gishirin aidin, a rarrabe cikin kwana goma na makaranta, sau biyu a shekara. Sakamakon da aka fitar a 1920 ba ya buƙatar tafinta: cikin 2,190 da suka sha, 5 ne wuyansu ya kumbura ko ya ƙaru; cikin 2,305 da ba su sha ba, 495. A ma'aunin yau gwajin na da aibu. Ba a sa yara maza ba, ba a raba rukunan ta hanyar ƙuri'a ba, adadin da aka bayar kuma ya ninka abin da jiki ke buƙata fiye da sau hamsin, tunda baligi maikrogiram 150 ya ishe shi a rana. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da gardama ba ta iya cike ta.

Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922. Jihar Michigan ta bi sahu a watan Mayun 1924, bisa jagorancin likitan yara David Cowie. Abin lura shi ne har yau Amurka ba ta tilasta wa kamfanoninta yin hakan ba, ganin dama ne.

Nijeriya ce ta ɗauki hanyar doka. A 1993, lokacin da bincike ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na yaran ƙasar na da maƙoƙo, aka wajabta sa aidin a duk gishirin ci. Abin ya yi sauƙi domin kamfanoni ƙalilan ne ke shigo da gishirin su sarrafa shi, don haka hukumomin SON da NAFDAC na iya tsare shi tun daga tashar jiragen ruwa. A 2005 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka shaida ta cimma wannan buri. Sai dai shaidar ta masana'anta ce da ta wancan lokaci. A kasuwannin unguwa irin ta Narayi a kudancin Kaduna, gishirin da aka farke buhunsa ana aunawa a buɗe yana rasa aidin sannu a hankali idan ya sha laima da rana. Rogon da ba a jiƙa an tsane da kyau ba na ɗauke da sinadarin da ke hana tairod kama aidin. Kantun Bilma da mandar da makiyaya ke ba dabbobi su lasa kuwa ba sa bi ta kowace masana'anta, alhali tunkiyar da aidin ya yi wa ƙaranci kan yi ɓari, ko ta haifi ɗa rarrauna mai kumburarren wuya. Mafi munin asarar ma ba a wuya take ba: ƙarancin aidin a lokacin goyon ciki na cikin manyan abubuwan da ke dakushe ƙwaƙwalwar yaro waɗanda ake iya kaucewa.

Marine ya bar Cleveland a 1920 ya koma asibitin Montefiore da ke New York, inda ya shugabanci ɗakunan bincike har ya yi ritaya a 1945. Bai sami kyautar Nobel ba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ba shi lambar Kober a 1960, ya rasu a jihar Delaware a watan Nuwamban 1976, yana da shekara 96.