Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Kafa Baitulmali

An haifi Muhammadu Dikko a shekarar 1865 a gidan Sulluɓawan Katsina. Mahaifinsa Gidado shi ne Durɓin Katsina, kuma wannan sarauta ce Dikko ya gada, yana riƙe da ita sa'ad da Turawa suka shigo Katsina a 1903. Bayan an tuɓe Sarki Abubakar, aka kuma tuɓe Yero a 1906, sai Razdan Palmer ya tsayar da Durɓi. Aka tabbatar masa da sarauta a farkon 1907, mulki ya bar gidan Dallazawa ke nan.

Babbar matsalar da ta tarbi sabon sarki ita ce haraji. A da talaka yakan biya kuɗin ƙasa da zakka, makiyayi ya biya jangali, marini ya biya kuɗin karofi. Hakimai suna zaune a birni, jakadunsu ne ke fita tarawa, kowa yana yagar rabonsa a hanya. Dokar haraji ta 1906 ta yanke cewa rabin abin da aka tara na Gwamnati ne, rabi kuwa na sarki da mutanensa. Amma wannan rabin ba shi da littafi ba shi da lissafi, tamkar dukiyar sarki ce ta kansa.

A nan ne Dikko ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya amince da shawarar Palmer, a riƙa zuba rabon sarauta a Baitulmali ƙarƙashin Ma'aji, a tsara kasafi kowace shekara, shi kansa sarki a yanka masa albashi. Katsina ce farkon masarautar da aka yi haka a Arewa, kuma zuwa 1911 an shiga kafa irinsa a sauran masarautu.

Da wannan tsari aiki ya rabu gida biyu. Gwamnati ta ɗauki nauyin ma'aikatan Turawa da soja da jirgin ƙasa da gidan waya. En'e kuwa ta riƙe albashin hakimai da alƙalai da dogarai, da gidan yari, da gyaran hanyoyi, daga baya har makarantun elementare da ɗakunan shan magani. Hakimai suka koma gundumominsu, dagatai da masu unguwanni suka zama su ne masu bi gida gida. A ƙarshen shekarun 1920 aka ƙara rabon manyan En'e ya kai 70 cikin 100, sannan aka rage shi da tattalin arzikin duniya ya karye.

Sai dai tsarin bai rasa illa ba. Duk yadda aka yi rabo a sama, talaka ne ke biya a ƙasa, da tsabar kuɗi, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Sarki kuma ya zama mai karɓar albashi, ba ya kashe ko anini sai Razdan ya ga kasafi.

Dikko ya yi aikin Hajji a 1921, ya ziyarci Ingila a wannan tafiya, kuma a zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Allah ya yi masa rasuwa a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta soke haraji da jangali a 1979. Amma tambayar da Baitulmalin Katsina ya soma amsawa, wato wa zai tara, wa zai riƙe nawa, wa kuma zai yi wane aiki da shi, ita ce dai tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suka gada.