Al-Zahrawi, likitan Andalus, da cutar sankarar mama

An haifi Abul Ƙasim Khalaf ibn Abbas al-Zahrawi a wajejen shekara ta 936 Miladiyya, kusa da birnin Kurɗuba na Andalus, wato kudancin ƙasar Spaniya a yau. Ya yi aikin likita a fadar Halifa al-Hakam na biyu, ya kuma shafe shekaru da dama yana duba marasa lafiya da koyar da ɗalibai.

Littafinsa, al-Tasrif, kashi 30 ne. Kashi na ƙarshe, wanda ya keɓe wa tiyata, shi ne ya ɗaukaka sunansa, domin a ciki ya zana hotunan kayan fiɗa kimanin 200.

A nan ne kuma ya yi bayani kan sankara.

Al-Zahrawi ya nuna cewa ana iya yanke sankara idan ta fito a wurin da za a iya cire ta gaba ɗaya, kamar mama ko cinya, musamman idan tana ƙarama, ba ta daɗe ba. Ya umarci mai fiɗa da ya bi ta har saiwa, kada ya bar ko ɓurɓushinta, idan kuma jijiya ta ɓalle da jini a tsayar da shi ta hanyar lalas da ƙarfe mai zafi.

Amma idan ta girma ta yi shekaru, ya gargaɗi ɗalibansa da kada su kusance ta da wuƙa. Bai ɓoye dalili ba: shi kansa bai taɓa warkar da irin wannan ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Ba kowane likitan fada ne zai rubuta haka game da kansa ba.

Fahimtarsa kan asalin cutar ta zamaninsa ce. Kamar Jalinusa na Girka, ya danganta ta da baƙin ruwan jiki, abin da kimiyya ta yi watsi da shi tuntuni. Batun gaggawar gano ta kuwa yana nan daram, duk da cewa yanzu akwai hoton mama, da gashi da haske, da magungunan da babu su a lokacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna ɗauke da cutar, kuma ta kashe kimanin 670,000.

Ya kuma lura da wani cikas da har yau yake jinkirta zuwan mata asibiti. A babin cire tsakuwar mafitsara, ya koka cewa mace mai kunya ba ta yarda likita namiji ya duba ta, ga shi kuma da wuya a sami mace ƙwararriya a tiyata.

Ya rasu a wajejen 1013, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa ya ragargaza birnin Madinatuz Zahra, inda laƙabinsa ya samo asali. A ƙarni na 12 Gerard na Kiremona ya fassara kashin tiyatar zuwa Latin a birnin Toledo, kuma likitocin Turai suka yi ta karanta shi har tsawon ɗaruruwan shekaru.