Tarihin Rembrandt, Mai Zanen Da Bashi Ya Raba Da Gidansa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da atamfa Holandis ya san sunan ƙasar Holan. Mutanen Nima da Maamobi kuma sun san ganuwar Ussher Fort da ke bakin teku a Accra, wadda Turawan Holan suka gina a 1649. A daidai wannan lokaci ne wani mai zane yake tashe a birninsu na Amsterdam, sunansa Rembrandt van Rijn.

An haife shi a garin Leiden ranar 15 ga Yuli, 1606. Mahaifinsa mai injin niƙa ne. Wajen 1631 ya koma Amsterdam, inda attajirai suka riƙa biyansa yana zana su.

Ban da zanen fenti, ya bar zane kusan 300 na bisa tagulla. Yadda ake aikin shi ne, a shafe farantin tagulla da kaki, a yi zane da allura, sai a tsoma cikin ruwan asid. Asid ɗin zai ci inda allura ta bi kaɗai. Sannan a cusa tawada cikin layukan, a danna takarda a kai da inji. Kamar hatimi, abin da ke dama yakan fito a hagu. Faranti ɗaya yana ba da kwafi masu yawa, don haka ya zama hajar da ke tsallaka iyaka.

Mafi shahara cikin zanensa na karkara shi ne Itatuwa Uku, na 1643. Itatuwan suna tsaye bisa tudu ta dama, baƙi ƙirin saboda layukan da ya cunkusa. Ta hagu ruwan sama na saukowa a karkace, ga masunci a bakin ruwa, ga gari can nesa. Sararin sama ya cinye fiye da rabin takardar. Inda yake son haske, sai ya bar takardar fara. Idon mai kallo kan fara da duhun itatuwan, sannan ya gangara fili.

To amma gwaninta daban, riƙon kuɗi daban. A 1639 ya sayi gida na gilda 13,000, akasari bashi, kuma bai daina sayen kayan tarihi masu tsada ba. Matarsa Saskia ta rasu a 1642. A 1656 ya kasa biyan masu binsa, aka yi gwanjon kayansa, gidan ma aka sayar a 1658.

Bai ajiye aiki ba har ya mutu ranar 4 ga Oktoba, 1669. An binne shi a cocin Westerkerk, kabarin ko suna babu. Gidan da bashi ya ƙwace masa yanzu gidan tarihi ne mai ɗauke da sunansa, baƙi na biyan kuɗi su shiga.